A Tambayi Na'urar Sunanta Tukuna



Yau sharhin namu zai leƙa shagon masu gyaran kwamfuta ne, kuma zan fara da abin da na gani da idona. Wani abokina yana da shagon buga takardu da yi wa ɗalibai rajista ta intanet, dab da wata makarantar sakandare. Kwamfutarsa ta tebur, irin tokumbon nan da ake jibgewa a kasuwa, ta fara nauyi. In ka danna abu, sai ka kusa shanye shayinka kafin ya buɗe. Ya aika aka kira masa wani matashi mai gyara. Yaron bai yi minti biyu yana dubawa ba ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, sai dai fomatin."

Aka kwashe takardu a filash, aka share komai, aka ɗora Windows 7, domin tsohuwar firintar shagon da ita ta saba. Kwamfuta ta tashi garau, tana gudu kamar yau aka ɓare ta daga kwali. Alhaji har ya fara laluben aljihu. Aka mayar da kebul ɗin intanet a bayanta, sai shiru. Can ƙasa ta hannun dama, kusa da agogo, ga ɗan hoton kwamfuta da jar alama a kansa. A kan benci kuma ga ɗalibai uku, kowa riƙe da hotunan fasfo, suna jiran rajistar da ake gab da rufewa.

Abin da ya ɓace shi ne direban netwok. Sunan ma yana ruɗar mutane, domin direba a wurinmu mai tuƙi ne. A cikin kwamfuta aikinsa ya fi kama da na tafinta a kotu. A bayan ramin nan da kake soka kebul akwai wata 'yar na'ura da ake kira ai-si, a manne da bod, wato babban allon cikin kwamfuta, bai kai faɗin farcen babban yatsa ba. Kamfanonin da ke ƙera shi ba su da yawa: akwai Realtek na Taiwan, wanda za ka ga zanen ƙaguwa a jikin nasa, akwai Intel, akwai Broadcom, akwai Atheros da Qualcomm ya saye. Kowanne da yarensa. Windows tana zuwa da tarin tafintoci a cikinta, amma na waɗanda ta sani lokacin da aka haɗa ta. Windows 7 ta fito a 2009. Kwamfutar da aka ƙera a 2012 ko 2013 tana iya ɗauke da ai-sin da ba a ma zana shi ba lokacin. To ina za ta san yarensa?

Kowane direba ya ɓace, na sauti ko na firinta ko na hoto, intanet za ka hau ka sauko da shi. Wannan kuwa shi ne ƙofar intanet ɗin kanta. An kulle ɗaki ke nan, makulli yana ciki.

Matashin nan bai rasa dabara ba. Ya duba tambarin da ke gaban akwatin, wanda mu a nan muke kira sifiyu, ya karanta sunan kamfani da lambar samfuri, ya sauke direban wannan samfurin a wayarsa, ya tura a filash, ya danna. Saƙo ya fito da Turanci, ma'anarsa babu wata na'urar Intel a cikin wannan kwamfuta. Ya sake saukewa daga wani shafin. Saƙon bai sauya ba. A karo na uku data ta kusa ƙarewa, gumi ya fara tsatso masa, sai ya ce, "Alhaji, Windows ɗin ce ba ta zauna daidai ba. A sake fomatin."

Nan ne nake da magana da 'yan'uwana masu gyara, na Titin Beirut da Farm Centre a Kano da sauran kasuwanninmu. Fomatin ya zama mana kamar farasitamol, ciwon kai shi, ciwon ciki shi, karaya ma shi. Alhali a wannan matsalar fomatin ne ya haddasa ta, domin shi ya kori tafintan da ke zaune lafiya. Ko sau goma za ka maimaita da faifan nan ɗaya, tafintan da babu a ciki ba zai tsiro ba. Kuma saƙon da yaron ya gani sau uku ba ƙarya ya yi masa ba. Kwamfutar tana faɗa masa gaskiya ƙiri-ƙiri, shi kuma ya fi yarda da tambarin jikin kwano.

Na ce masa, "Ƙanena, ɗan tsaya. Ka tambaye ta sunanta kuwa?"

Masu saurare, wanda ke da biro a kusa ya ɗauko, domin wannan gaɓar ita ce zuciyar maganar. Ka danna maɓallin nan mai tambarin Windows tare da harafin R. Ɗan akwati zai fito. Ka rubuta devmgmt.msc, wato d, e, v, m, g, m, t, ɗigo, m, s, c. Shafin da zai buɗe sunansa Device Manager, kuma shi ne rajistar duk wani abu da ke cikin kwamfutar. Duk na'urar da Windows ta ga jikinta amma ba ta san yarenta ba, za ta ware ta a gefe da ɗan alama ruwan ɗorawa mai kusurwa uku. In ka ga an rubuta Ethernet Controller, wannan na kebul ne. In Network Controller ne, galibi na Wi-Fi ne. Ka danna kansa da ɓangaren dama na linzami, ka shiga Properties, ka je Details, ka zaɓi Hardware Ids.

Za ka ga wani dogon layi na haruffa da lambobi, kada ya tsorata ka. Guri biyu kawai ake so. Inda aka rubuta VEN, alamomi huɗun da ke biye su ne sunan kamfanin da ya ƙera ai-sin. Inda aka rubuta DEV, huɗun da ke biye su ne sunan ai-sin kansa. 8086 Intel ne, kuma ba a banza suka zaɓi lambar ba, sunan wata ƙwaƙwalwar kwamfuta ce da suka fitar a 1978, wadda kwamfutocin teburinmu na yau zuriyarta ne. 10EC Realtek ne. 14E4 Broadcom. 168C Atheros. Wannan suna ba a jikin kwano yake ba, a cikin ai-sin aka dasa shi, ɗan kasuwa ba shi da yadda zai yi ya sauya shi.

Da muka duba na Alhaji, sai ga 10EC, sai ga 8168. Realtek ke nan, kuma daga cikin waɗanda suka fi yawa a duniya. Yaron ya ce ai ba zai yiwu ba, wannan samfurin da Intel yake zuwa. Ya kwance murfin gefe ya haska da fitilar waya. Ga ƙura ta yi kauri a kan fanka, ga kuma bod ɗin wani kamfani daban an ɗaure shi da kusoshi uku maimakon shida, ga 'yar ƙaguwar nan a kusurwa tana kallonmu. Wani ya sauya bod tun kafin kwamfutar ta iso hannun Alhaji. Haka kasuwar tokumbo take: akwati na wannan, bod na wancan, hadis, wato ma'ajiyar fayiloli, na wani can. Ba lalle mugunta ba ce, sau da yawa gawa uku ake haɗawa a tayar da rayayye ɗaya. Amma wanda zai nemi direba da sunan akwati ya kama hanyar da ba ta ɓullewa.

Haka abin yake ga 'yan ƙananan na'urorin Wi-Fi da ake sokawa a ramin USB, waɗanda ake sayarwa a leda da ɗan ƙaramin faifai. Faifan kansa abin dariya ne yanzu, don yawancin kwamfutocin ba su da inda za a saka shi, masu wurin saka shi kuma nasu ya daɗe da daina juyawa. A jikin ledar ba za ka ga sunan kowa ba sai lambobin gudu. Su nasu layin VID da PID ake rubutawa maimakon VEN da DEV. 0BDA Realtek ne, 148F kuma Ralink, wanda MediaTek ya saye a 2011. Guda biyu masu kama ɗaya sak daga kwali ɗaya suna iya ɗauke da ai-si daban-daban.

To an san suna, ta yaya za a shigo da direban alhali ƙofa a kulle? Hanya mafi sauƙi tana aljihunka. Ka haɗa wayarka ta Android da kwamfutar da kebul ɗin caji mai ɗaukar data, ka shiga saitin wayar inda ake raba intanet, ka kunna rabawa ta USB. Windows 10 da 11 sun zo da tafintan wannan hanyar a cikinsu, nan take kwamfutar za ta ga intanet, sau da yawa ma ita da kanta za ta je ta nemo direban da ya ɓace. A Windows 7 wani lokaci takan yi gardama. Sai dai a yi hattara, kwamfutar da ta ga intanet bayan fomatin kamar raƙumin da ya ga rijiya take, za ta shanye maka data da sabunta kanta kafin ka ankara. Kuma in ka ga waya tana caji amma zaɓin ya ƙi kunnuwa, ka sauya kebul, da yawa daga cikin masu arahar nan wayoyin wuta kawai ke cikinsu.

In ta filash za a bi, akwai ƙananan abubuwa da ke kayar da mutane. Windows iri biyu ce, mai 32 da mai 64, kuma direban wannan ba ya hawa kan waccan. Windows 11 kuwa mai 64 ce zalla. Sannan yawancin direbobi a ƙunshe suke zuwa cikin fayil na zip. Mutum zai buɗe ƙunshin ya ga Setup ya danna daga ciki, shi kuma Setup ya nemi 'yan'uwansa fayiloli ya rasa, ya tsaya a rabin hanya. A kwance ƙunshin gaba ɗaya a cikin folda tukuna. In kuma Setup ɗin ya ƙi duk da haka, ba shi ne direban ba ai, ɗan rakiya ne. A koma Device Manager, a danna Update driver, a zaɓi nema a cikin kwamfuta, a nuna mata foldar. Ita za ta laluba ta ɗauko ɗan fayil mai ƙarewa da inf, wanda a cikinsa aka jera lambobin VEN da DEV na duk ai-sin da direban ya sani. In lambarka tana ciki, zai hau. In babu, ba zai hau ba ko za a kwana ana dannawa.

Akwai kuma lambar da Windows ke rubutawa a shafin farko na Properties, wadda kusan ba mai karantawa. Code 28 na nufin babu direba sam, wannan shi ne mai sauƙi. Code 10 na nufin an ɗora direba amma na'urar ta ƙi tashi, ko dai ba nata ba ne, ko kuma ita kanta ta samu rauni. Code 52 kuwa na matsalar sa hannu ne, kuma ya wahalar da masu Windows 7 da yawa. Kowane direba yana zuwa da sa hannun kamfaninsa don a tabbatar ba jabu ba ne. A 2019 Microsoft ya koma sabon salon sa hannu mai suna SHA-2, ita kuma Windows 7 ta tsohon faifai ba ta iya karanta shi sai an ɗora mata wani gyara mai lamba KB4474419. Sai ka ga direba daidai, lamba daidai, amma ta ce ba ta yarda da shi ba. Ko a ɗora mata gyaran, ko a nemo tsohon direban da aka fitar kafin sauyin.

Amma fa ba kullum laifin direba ba ne, kuma nan ne ake gane gwani da ɗan koyo. Wani lokaci za ka buɗe Device Manager ka tarar babu alamar ruwan ɗorawa, babu kuma na'urar netwok ɗin kwata-kwata, kamar ba a taɓa halittarta ba. Wanda ba ya ɗaki ba a nema masa tafinta. Ka fara duba BIOS, shafin nan da ake shiga da F2 a kwamfutocin Dell ko F10 a na HP tun kafin Windows ta tashi, domin wasu ofisoshin Turai sukan kashe ramin daga can, a sayar da kwamfutar a haka. In a kunne yake, to ga wata dabara da ta dace da ƙasarmu ta ɗauke wuta da komawa janareto. Ai-sin netwok ba ya barci ko an kashe kwamfuta, muddin kebul ɗin wuta na jikin bango, ana ba shi 'yar wuta kaɗan don a iya tayar da kwamfutar daga nesa. In wuta ta yi rawa yakan daskare a haka, kuma kashewa da kunnawa ba ya farkar da shi. Ka zare kebul ɗin wuta gaba ɗaya, ka danne maɓallin kunnawa na kamar rabin minti don sauran wutar ta tsiyaye, ka mayar. Na sha ganin na'urar da aka yi wa ta'aziyya ta dawo da wannan kaɗai.

In ba ta dawo ba, musamman da damina, ka tambayi mai ita ko an yi tsawa kwanan nan. Kebul ɗin da aka ja ta kan rufi daga wannan gini zuwa wancan, ko wanda ya sauko daga eriya, hanya ce buɗaɗɗiya ga aradu, kuma ai-sin nan ne na farko a bakin ƙofa. Wanda ya ƙone ya ƙone. Ba kuma sai an sauya bod ba, akwai 'yar na'ura mai kan USB a gefe ɗaya da ramin kebul a ɗaya gefen, akwai kuma katin da ake sokawa a cikin bod. Haka nan a riƙa leƙa bayan kwamfutar: galibi akwai 'yan fitilu biyu a bakin ramin, in ba su kama ba bayan direba ya hau, a zargi kebul ko rauta, wato na'urar da ke raba intanet. In kuma adireshin da kwamfutar ta samu ya fara da 169.254, direba ya gama nasa aikin, rauta ce ba ta amsa mata sallama ba.

Zan ɗan ja kunne a kan manhajojin nan da ke alƙawarin nemo maka duk direbobinka da dannawa ɗaya. Ka rubuta sunan direba a intanet, shafukan farko da za su tarbe ka cike suke da manyan koren maɓallai, kowanne na cewa danna ni. Wasu na kirki ne, masu gyara da dama suna yawo da tarin direbobi a hadis kuma yana yi musu aiki. Amma da yawa suna shigowa da baƙin da ba ka gayyata ba: burauza ta sauya fuska, talla ta cika allo, kwamfutar da aka yi wa fomatin don nauyi ta koma gidan jiya a rana ɗaya. Garin neman gira a rasa ido. Direba shi ne manhajar da aka fi bai wa amana a cikin kwamfuta, yana zaune ne a can cikin ƙuryar Windows inda babu mai tsare shi. A shagon da ake shigar da lambar NIN da BVN na mutane, wannan ba wurin wasa ba ne. Shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ko na wanda ya ƙera ai-sin, nan ne gida. Haka kuma Windows ɗin nan da ake kira mara nauyi, wadda wani ya zauna ya yanke mata kaya don ta yi gudu a tsohuwar kwamfuta, direbobi na cikin abin da ake fara zubarwa.

Kada a ɗauka wannan matsalar tsofaffin kwamfutoci ce kawai. Microsoft ya daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025, don haka fomatin yanzu aka fara. Ita Windows 11 tun wajen ɗora ta take neman intanet. In sabon bod ne mai sabon ai-si da filashin ɗorawar bai sani ba, sai ta tsaya cak a shafin da take cewa a haɗa ta da netwok, alhali ita ce ba ta ga netwok ɗin ba. Ka tuna kuma da cibiyoyin jarabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Ɗaruruwan kwamfutoci a zaure ɗaya, duk a kan kebul, a ido duk iri ɗaya, a ciki kowa da ubansa. Injiniyan da ya haɗa Windows guda ya kwafa a kan duka ana gobe jarabawa, shi ya san abin da ake nufi da ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin haushin shi ne, direban da ake wannan wahalar nema yana nan zaune a cikin kwamfutar kafin a share ta. Tun daga Windows 10 umarnin nan mai suna pnputil yana iya kwashe duk direbobin da aka ɗora ya zuba su a filash, layi ɗaya ne, 'yan mintoci yake ɗauka. Ko wannan ya yi wa mutum nisa, ya buɗe Device Manager ya ɗauki hoton lambar nan da wayarsa, ya sauke direban netwok ya ajiye, sannan ya taɓa fomatin. Kai ma mai kwamfuta kana da haƙƙin tambaya kafin a share maka ita: "Malam, ka cire direban netwok ɗin?" In ya yi maka kallon bai gane ba, ka ɗauki kayanka ka ƙara gaba.

A shagon Alhaji dai mun sauke na Realtek, na Windows 7 mai 64, yaron ya kwance ƙunshin ya nuna mata foldar. Jar alamar ta gushe, fitilun baya suka fara ƙyaftawa. Ɗaliban suka miƙe daga benci. Aka buɗe burauza, sai ga jan rubutu, wai haɗin ba shi da tsaro. Aka gwada wani shafin, haka. Yaron ya buɗe baki, na san kalmar da ke tafe, sai Alhaji ya riga shi. Ya sa yatsa a kusurwar allo ya ce, "Kai ɗana, wannan agogon wace shekara yake nunawa?"

Shekaru sama da goma baya yake nunawa. Ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan bod, CR2032, ya mutu tuni, kuma da aka zare wuta don buɗe murfi sai kwanan wata ya koma can baya. Shafukan intanet suna ɗauke da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kwamfutar kuma tana ganin ranar farawar ba ta zo ba tukuna. Aka gyara kwanan wata da hannu, aka aiki ƙaramin cikin ɗaliban wurin mai gyaran agogo a bakin titi ya sayo batir, aka fara rajistar na farko ana kiran sallar la'asar.